Fangalin Bakin Hanya

Wadda zan ba da tarihinta ita ce Inna Mai Lambu, 'yar Mai Guga, jikar Dogo Mai Dashe, wanda shi ne ya fara sare ƙayar filin da ke bayan katangar masana'antar sinadarai, tun ba a san za a gina wata katanga a wurin ba. Dogo ya share filin, Mai Guga ya haƙa rijiya a tsakiyarsa, Inna kuwa ta gaji duka biyun, haɗe da wata ɗabi'a wadda ba a ambata ba ranar rabon gado. Na koyar da 'ya'yanta a aji, na kuma zauna a layinsu tun ina ƙaramin malami har na ajiye alli. Saboda haka abin da zan faɗa, ko dai na gani da idona, ko na ji daga bakin wanda ya gani.

Ɗabi'ar ita ce wannan. An raba lambun fangali-fangali, kowane da abin da aka shuka a ciki, amma fangalin farko, wanda ya yi iyaka da hanya, ba a sayar da ganyensa. Duk wanda ya zo wucewa yana iya sunkuyawa ya yanki na miyar yini, ba tambaya, ba godiya. Mai Guga, in ya hangi mutum ya tsaya a wurin, sai ya juya baya ya kama gyaran igiyar gugarsa, don kada mai yanka ya ji nauyi. Haka Inna ta taso ta gani, haka ta ci gaba da yi.

Masana'antar dai, fenti da rini take haɗawa. Tana da ramuka a cikin harabarta inda ake zuba dagwalon da ya rage, kuma ramukan sun daɗe suna yoyo ba a kula ba. Abin ya fara bayyana ne a guga. Ruwan rijiyoyin layinmu ya soma warin kananzir, in ya kwana a bokiti sai a ga wani maiƙo mai launi-launi a samansa. Hukuma ta ɗebi ruwan ta gwada, ta rufe masana'antar, ta sa aka ɗora wa kowace rijiya murfin ƙarfe da kwado. Ruwan sha ya koma zuwa a tanka, direban tankar kuwa ƙanin Inna ne, wanda kowa ke kira Auta duk da furfurarsa.

Daga nan aikin gyara ya kankama. A cikin katanga, motocin tono suka riƙa kwashe ƙasar da ta fi lalacewa, ana lodawa a manyan motoci a rufe da tamfol. Ma'aikata sanye da fararen kaya da takunkumi suka kafa injuna masu zuƙo ruwan ƙarƙashin ƙasa, su bi da shi ta cikin tankunan gawayi, su mayar da shi a tace. Shugabar aikin mace ce matashiya, mai ƙarancin magana, muna kiranta Injiniya. Ita ce ta zo har lambu ta tsuguna gaban Inna ta yi mata bayani.

Ta ce ruwan rijiyar da aka yi ta ban ruwa da shi ya bar guba a saman ƙasar lambun. Ba ta kai ta cikin katanga ba, amma ta isa ta hana cin duk abin da ya tsiro a wurin. Hanya biyu ce: ko a malale filin da siminti a manta da shi, ko a yi ta shuka alayyaho, wanda saiwarsa ke jan irin wannan guba zuwa ganyensa, a tuge shi, a ɗure a buhu, a kai inda ake ƙone shara mai haɗari, a sake shukawa, har ƙasar ta sauka.

"Sai dai, Inna, da sharaɗi," in ji Injiniya. "Ganye ɗaya ya shiga cikin wani, an gama. Manyana ba za su saurare ni ba, siminti za su zuba."

Inna ta ce, "'Yata, ni da ke waye ya girmi wani a alayyaho? Kawo iri."

Abu ɗaya suka yi jayayya a kansa. Injiniya ta so a kewaye filin da doguwar waya. Inna ta yarda da ɓangarori uku, ta ƙi na bakin hanya. Ta ce ubanta bai taɓa kafa ko kara a wurin ba, ita za ta zama shingen. Aka daidaita a kan igiya da allon gargaɗi.

Ban taɓa ganin alayyaho mai kyan wannan ba. Ganye faffaɗa, kore shar, sai sheƙi yake yi. Inna ta ajiye kujerarta a bakin hanya, fuskarta na kallon masu wucewa, ita da ta saba ba su baya. Mutanen layi sun san dalili, amma sani bai hana ciwo ba, domin ganye ya yi tsada a kasuwa, ga shi kuma a gaban idonsu ana ɗura shi a buhu da safar hannu. Wasu mata suka laƙaba mata Mai Gadin Ganye. Auta kuwa ba ya wucewa da tankarsa sai ya leƙo ta taga.

"Yaya, sannu da aiki! Duk garin nan ke kaɗai na sani mai yi wa bola noma."

"Wuce, sarkin surutu. Kai da ruwan ma sai ka zubar da rabi a hanya."

'Ya'yanta sun roƙe ta ta bar aikin ta koma wurinsu ta huta. Ta ce ta ji, ba ta kuwa motsa ba.

A damina ta biyu abin ya faru. Wata safiya tanka ta iso, Inna ta bar kujerarta ta je ta tari ruwa. Iska ta kayar da allon gargaɗi tun jiya, ba a kai ga ɗaga shi ba. Da ta dawo, sai ta tarar an yanke gefen fangalin bakin hanya, yanka mai tsabta, irin na wadda ta saba.

Ina zaune a ƙofar gidana da rediyo na ga tsohuwa ta taho a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Ba ko sallama ta faɗo mana gida, ta zarce kicin, ta ɗaga murfin tukunyar maiɗakina, ta leƙa, ta mayar, ta fita. Maiɗakina ta biyo ta da ludayi a hannu tana cewa, "Inna, lafiya? Ko gishirin kika zo dubawa?" Inna ta faɗa gidan gaba. Haka ta yi ta shiga gida-gida, muna biye da ita, har ta kai gidan ƙawarta Mai Ɗinki.

Babbar 'yar Mai Ɗinki ce ta iso daga garin da take aure, da 'ya'yanta ƙanana, bayan ta daɗe ba ta zo gida ba. Ta fita sayen mai, ta ga fangalin da ta sani tun tana yarinya, ta sunkuya ta yanka kamar yadda ta saba. Uwarta na kan keken ɗinki, ba ta ga shigowarta da shi ba. Inna ta sami 'yar ta wanke ganyen, ta yayyanka a kwano, tukunya na tafasa, hannunta na kan kwanon.

"Ajiye!" in ji Inna. "Kin ɗanɗana? Yaran nan sun taɓa?"

"A'a, Inna. Wai yanzu har na bakin hanyar ma sai an biya?"

Inna ta zauna daɓas a ƙasa, ta rungume kwanon, ta yi ta maimaita godiya ga Allah. Sai da numfashinta ya dawo ta yi bayani, ta sa aka tattara ganyen har da guntayen da suka faɗi, aka juye ruwan wankin a jarka.

A ƙofar gida Auta ya tare ta, wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Yaya, ba wanda ya ci. Ki tura shi cikin buhu ki yi shiru. Duk layin nan ba mai kai ƙararki. In kika faɗa, siminti ne fa."

Ta ce, "Matsa mini, Auta."

Da ƙafarta ta kai kwanon da jarkar ofishin Injiniya, ta faɗi komai, har da cewa ita ce ta hana a sa waya. Injiniya ta daɗe tana kallon kwanon. Ta ce dole ta sanar da manyanta yadda abin ya faru, kuma ba ta san abin da za su yanke ba. Makonnin da suka biyo baya, duk motar siminti da ta shigo layin sai Inna ta miƙe tsaye har ta wuce. Daga bisani amsa ta zo: tun da ba wanda ya ci, kuma ba a ɓoye ba, a ci gaba, amma a kafa waya ta ko'ina. Inna da kanta ta riƙe turakun bakin hanyar ana bugawa.

Aka ci gaba da shuka da tugewa. Kowane ƙarshen damina a ɗebi ƙasa a kai gwaji, kowane karo gubar ta ragu, amma ba ta kai inda ake so ba. Gwiwoyin Inna suka soma ba ta wahala, ta koma yin ciro a zaune. Har wata rana da hantsi Injiniya ta shigo layin riƙe da almakashin yanka waya. Ta miƙa wa Inna. Inna ta dube shi, ta dube ta, ta ce, "'Yata, da gaske?" Injiniya ta ce an gwada ƙasar, an sake gwadawa, an gwada ganyen ƙarshe, duk sun fita. Auta ya danna hon ɗin tankarsa har sai da jariran layin suka farka.

Wajibi ne in faɗi gaskiya: rijiyar Mai Guga har yau tana kulle, domin ruwan ƙasa ya fi ƙasa jinkirin warkewa, kuma injunan cikin katanga ba su daina aiki ba. Da ruwan famfo ake ban ruwa yanzu. Haka kuma, da aka shuka ganyen ci na farko, mutane sun yi ta wuce fangalin bakin hanya ba mai sunkuyawa, tsoro bai sake su ba. Inna ba ta roƙi kowa ba. Ta juya kujerarta ta ba hanya baya, ta zauna tana tsince iri. Wata safiya ta ji ƙarar wuƙa a bayanta. Ba ta waiga ba, har yau kuma ba ta san ko wane ne ba.

Kwanan baya na same ta a kan wannan kujera, na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Inna, me ya sa kika kai kwanon nan, alhali da kin yi shiru ba mai sani, kuma kin san filin ubanki kika sa a kasada?"

Ta ce, "Malam, kai da karatunka. In na ɓoye mata nawa, ranar da ta ce mini ƙasa ta warke, ta yaya zan yarda ita ba ta ɓoye mini nata ba? Ni kuwa juya baya nake yi in ana yanka. Ba zan iya juya baya ba sai na san abin da 'ya'yan mutane za su ci."