Barewar Kaka Dije

A gidanmu na Alelu, lokacin sanyi, ba a barin murhu ya mutu bayan tuwo. Kaka Dije, mahaifiyar babanmu, takan jawo tabarmarta kusa da garwashi, ta tura gyaɗa cikin toka, mu 'yan matan gidan mu kewaye ta. Tsohuwa ce 'yar firit mai ƙamshin man shanu da hayaƙi, ga bakin ba'a kamar me. Har yau in na ji ƙaurin ɓawon gyaɗa sai na ga fuskarta, kuma ban san ko kewarta nake yi ko haushinta nake ji ba.

Tatsuniyoyinta ba sa ƙirguwa, amma wadda ta fi maimaitawa ita ce ta akuya da barewa. In ta ce ga ta nan, muka ce ta zo mu sha, sai ta gyara zama.

Wai akuya da barewa ƙawaye ne, suka ɗauki ciki wata ɗaya, naƙuda ta kama su rana ɗaya a bakin fadama. Tun ciwon farko akuya ta wage baki, tana kiran uwarta, tana kiran mai ita, har tsuntsaye suka watse daga kan itace. Kura tana barci a raminta, kukan ya tashe ta. Ta bi shi har wurin, ta tarar ko lasar ɗan ba a gama ba, ta yi awon gaba da shi. Barewa kuwa ta shige cikin ciyawa, ta cije, ta haife abinta. Ba wanda ya sani sai da aka gan ta da ɗa yana tsalle a bayanta.

"Kun jiya ko?" in ji Kaka. "Ɗiyar kirki ba a jin naƙudatta, sai dai a ji kukan jinjiri. Ni da nih haihi ubanku, bayan rumbu nit tahi ni ɗai, nid dawo nik ƙare dakana. Wa yaj ji ni?"

Daga nan sai ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da mintsini a cinya. Wadda ba ta yi ƙara ba ita ke da gyaɗar toka. Ni tun kafin farcenta ya iso nake ihu, shi ya sa ta raɗa mini Akuya. Yayata Hassi kuwa ko ƙiftawa ba ta yi, sai dai idonta ya kawo ruwa ta yi murmushi. Ita ce Barewar Kaka. Kullum ita ke cinye gasar, ta ɓare gyaɗar ta ba ni rabi a ɓoye.

Hassi ta auri wanda take so, wani manomin albasa a Karaye. Da cikinta na fari ya tsufa aka dawo da ita gida goyon ciki, kamar yadda aka saba. Ina da shekara goma sha shida a lokacin. An cire albasa, Baba ya tafi Aliero da kaya, mu mata muna tsakar gida muna yanke ganye muna ware ruɓaɓɓu.

Ranar Talata da hantsi na ga Hassi ta ajiye wuƙa ta riƙe bakin turmi, zufa na keto mata. Can ta saki ta ci gaba da aiki. Na matsa kusa na ce, "Yaya, lahiya?"

"Yi mani kurum," ta ce. "In mutane sunka ji, abin tsawo shika yi. Ko so kika a ce ɗiyar gidanga akuya ta?"

Na yi shiru. Ba shirun kaɗai ba, har alfahari na yi da ita, kuma wannan shi ne abin da ban yafe wa kaina ba. Innarmu ba ta tambaye ta ba, don Hassi 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa saboda kunya, balle ta tsura mata ido. Kaka ta gani sarai. Rubutu kawai ta aika aka karɓo mata, ta ce dauriya gadon gida ce.

Haka Hassi ta kwana biyu tana cizon gefen zani. Ranar Alhamis da la'asar ta yanke jiki ta faɗi a kan tulin albasa. A bayan motar da ta zo ɗaukar kaya muka kai ta asibiti a Jega. Wata nas ta taɓa cikin ta ce ɗan a gicciye yake, ta tambaya tun yaushe aka fara. Na ce tun Talata. Matar ta dube ni, ta juya kan Hassi. Ɗan bai zo da rai ba, Hassi kuma ba ta ga sallar Juma'a ba.

A zaman makoki mata sai yabonta suke yi. "Ko uhum ba ta ce ba," suke faɗa wa juna, "Allah ya ji ƙan mai kunya." Na tashi na bar musu ɗakin. Da sanyi ya zagayo, Kaka ta zauna bakin murhu ta tura gyaɗa a toka kamar kullum. Ba ta yi tatsuniya ba, ba ta mintsini kowa ba. Gyaɗar ta ƙone ƙurmus muna kallo.

Da na girma na gane cewa a zamanin Kaka ko ka yi ihu ba mai zuwa, ba mota, ba asibiti, sai suka mai da shirun ya zama ado. Na gane, amma bai sanyaya mini rai ba. Mu a namu zamanin akwai mai zuwa. Motar nan ta ɗaukar kaya tana ƙofar gida tun Talata.

Ni haihuwata huɗu, kuma kowace sai da maƙwabta suka ji. An yi mini dariya, an ce Akuya ba ta bar halinta ba. Ga su nan duka huɗun suna cin tuwo.

Yanzu babbar 'yata ta dawo gida da cikin fari. Na ajiye kunyar 'yar fari, na kira ta da sunanta, na ba ta tatsuniyar yadda na ji ta. Ta ce, "To Inna, ai barewa ta yi daidai." Na ce mata barewar da ta dawo da ɗa ita aka gani aka ba da labarinta. Wadda ta kwanta cikin ciyawa ba ta tashi ba, ba wanda ya ji ta, sunanta Hassi.