Rezon Kan Rumfa

A duk faɗin ƙasar Agiye ban san wanda ya kai ni bincike kafin sayen abu ba. Ni ne mai buɗe bakin akuya in duba haƙoranta, in juya in duba na mai ita. Ko allura zan saya sai na leƙa kafarta. Shi ya sa da autarmu, wadda ke aure a Abijan, ta aiko cewa hanya ta yi nisa ba za ta zo wankan gida ba, uwarta kuma ta ce ita dai ranar suna sai ta ga jikanta a waya, ban yi gaggawa ba.

Wayata ta lokacin 'yar mai maɓalli ce, murya kawai take kawowa. Na kuma ga abin da ya samu mutanen garinmu. Mutum ya sayo babbar waya, ya iso gida ba rezo mai ƙarfi, wato sabis ɗin waya, ta koma tocila. Sai na tafi wurin mushen lakol ɗinmu, wato malamin makaranta, shi ne mai irin wayar. Ya ce kira daban, ganin fuska daban, in ba ka ga an rubuta 4G a saman gilashin ba, kada ka wahalar da kanka. Ya ara mini tasa in gwada.

Na zaga garin nan kamar mai neman ɓatacciyar tunkiya. Ƙofar masallaci, bakin rijiya, gindin tsamiya, har makabarta na leƙa. Ko'ina harafin E nake gani, wanda mushe ya ce ko hoton ƙuda ba ya iya ɗaukowa. Na dawo gida na fid da rai, na jingina tsani na hau rumfa in jeho wa rago harawa. Shekarar wake ya yi kyau, harawar da na tara bisa rumfar ta fi tsayin mutum. Ina kaiwa ƙololuwar harawar sai wayar ta kama tsuma cikin aljihuna. Na ciro, ga 4G zaune daram. Daga nan har ƙarfen rezon garin Cadawa nake hangowa ta bayan tudu.

Da wani ne, da ya ruga kasuwa. Ni kwana uku na yi ina hawa, safe da rana da marece. Muka kira ƙanen mushe a Maradi, na ga fuskarsa har da giɓinsa. Na sauko na ce wa uwargida magana ta ƙare, sai dai fa akwai hawan tsani.

Ta ce, "In dai zan ga yaron nan, ko giginya ce zan hau."

Bayan wata biyu aka yi haihuwa, namiji. Lokacin harawa ta yi tsada, ga wani mai kiwo ya daɗe yana bibiyata. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya zo da amalanke biyu ya kwashe ta ƙaf. Ana gobe suna na hau moto zuwa Agiye sayen waya. Mai shagon ya miƙo mini wayar yana tambaya, "Baba, garinku akwai rezo kuwa?"

Na ce, "Samari, rezo a gidana yake kwana."

Na bar ta wurin mai caji, ran suna da hantsi na amso ta cike.

Matan unguwa sun cika gidan, har da waɗanda ban gayyata ba. Mushe ya zo ya saita mini komai. Uwargida ta ɗaure gyale a ƙugu, ta yi bisimilla, ta taka tsani mata na riƙe da shi suna yi mata kirari. Na bi bayanta. Muka tsaya bisa rumfa na duba waya. E.

Na girgiza ta, na goge gilashin da hannun riga. E. Na yi ɗage na miƙa hannu sama iya ƙarfina, sai mushe ya ce daga ƙasa in danna kira a haka. Ta shiga. Muka ji muryar autar daga can saman kaina.

"Baba, ina kuke? Ni sama kawai nake gani, ga wani shaho yana wucewa!"

Na sauko da wayar daidai fuskar uwarta, hoton ya daskare. Na ɗaga, ya motsa. Na sauko, ya daskare. Sau bakwai muna haka har kafaɗata ta fara ƙara. Abin da muka samu gani duka wani abu ne mai kama da kunne. Ni na ce kunnen gidanmu ne, mushe ya ce gefen matashin kai ne. Ƙarshenta da tsohuwar wayar muka kira, uwargida ta ji kukan jikanta, ta sa masa albarka, ta share ido da bakin gyale.

Ba ta sauka nan da nan ba. Ta zauna bisa itacen rumfar tana murza ɓurɓushin ganyen wake da ya saura. Ta dubi inda hannuna ya kai, ta dubi ƙafafuna.

"Malam, ran da ka gwada, bisa mi kake tsaye?"

Na juya na dubi gurbin harawar. Daga ƙasa rago na ta kuka.

Ta kakkaɓe hannu ta ce, "Ashe rezon ka saida ka sayo wayar. Riƙe mini tsanin."