Ranar da na fitar da akwatin kiɗan ɗana bakin titi

Sallama gare ku masu wannan mujalla da masu karanta ta. Ni tsohuwa ce, mutuniyar Damagaram, ban taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Maƙwabciyata ce take rubutawa ina faɗa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Lokacin da abin ya faru shekarata uku a Greensboro, wurin ɗana tilo da ya ɗauko ni daga gida bayan ya samu takardu. Ni mace ce mai sa ido. Daga tagar ɗakina a unguwar Glenwood na san wanda ya shigo layinmu da wanda ya fita, na san 'yar wa ta fara yawo ba ɗankwali, kuma in na gani sai na faɗa. Mata suna shakkata, ni kuwa na ɗauka girmamawa ce.

Mijina, Allah ya jiƙansa, makaɗin jita ne a wata ƙungiya da ke wasa a gidajen biki can gida. Dangina ba su taɓa yafe mini wannan aure ba, suna cewa na kai su gidan roƙo. Ya rasu yaron yana da shekara shida. Kafin sadakar arba'in na sayar da jitar, na sayar da akwatin da ke ɗaga mata sauti, wanda suke kira ampili, na hana a ambaci kiɗa a gidana. Ko kaset ɗaya na wasansa ba mu da shi.

To, da na zo Amurka sai na tarar da ɗana, magidancin mutum mai aiki a ma'ajiyar kujeru, ya mai da garejin gidan ɗakin kiɗa. Ya samo wani mataccen ampili wurin wani tsohon Bature mai gyara, irin na da, mai 'yan kwalabe a ciki kamar ƙwan fitila, waɗanda sai sun yi ja sun ɗau zafi kafin abin ya yi magana. Ya ce na zamani ba su da kwalaben nan, shi ya sa sautinsu a bushe yake. A lokacin ana ta raɗe-raɗi tsakanin masu jita cewa wani kamfani zai fito da sabon ampili da sunan wani babban makaɗi, wai zai dawo da sautin da can daidai. Abokansa biyu da ke zuwa ranar Lahadi kullum maganar ke nan, wannan ya ce wata mai zuwa ne, wancan ya ce ya ga hotonsa a kwamfuta, suna yi masa tsiya wai ya daina wahala da gawa ya jira sabo. Shi kuwa sai ya yi murmushi, ya ce su sautin da suke nema duk duniya tana da shi a faifai, nasa kuwa mutum biyu ne kaɗai suka rage da suka san shi, ɗayan ma yana ɗan shekara shida ya ji. Na ji maganar ta taga, na gane wa yake nufi, na yi kamar ban ji ba.

Shekaru ya yi yana canja kwalabe da wayoyi, ya kunce ya ɗaure. Wani lokaci muna cin abinci sai ya tambaye ni a hankali, na babansa baƙi ne ko ruwan ƙasa, maɓallai nawa ne a gabansa, yadin fuskarsa wane iri ne. In ce na manta. Ban manta ba. Shekara tara ina goge wa akwatin nan ƙura kowace safiya.

Sai wata rana a gidan suna, a ɗayan benayen High Point Road, wata Hajiya ta ce mijinta mai tuƙa tasi ya ga ɗana ya shiga da akwati wurin da ake shan giya. Wata ta karɓe ta ce ai an daɗe ana faɗa, mashaya yake yi wa wasa. Ta ukun ta yi dariya ta ce gado ne ya ci. Ni da nake gyara 'ya'yan mutane, yau nawa ake yi wa dariya a gabana. Ban tambaye shi ba. Sai daga baya na san cewa shagon tsohon Baturen nan ne ke manne da mashayar, ƙofarsu ɗaya daga titi.

Asabar ɗin da ta biyo, bayan la'asar, wasu kwalabe suka iso masa ta gidan waya. Ina kicin ina tuƙa tuwo ya kunna. Sautin ya ratso bango, mai kauri, mai ɗumi, da ɗan gurnani a ƙarshen kowace tsirkiya kamar muryar namijin da ya tashi daga barci. Muciya ta faɗi daga hannuna. Na ga tsakar gidanmu, na ga mijina zaune kan turmi da hularsa a karkace. Na dafa bango. Can sai ga ɗana a bakin ƙofa, yana gumi, idonsa kamar na yaro, ya ce, “Inna, shi ne?” Na juya masa baya na ce ni hayaniya kawai na ji, ya rage, mutane na salla.

Ranar Litinin da ya tafi aiki na ɗora akwatin kan bargo na ja shi, ina hutawa ina ja, har bakin titi. Ku fahimce ni. A wurinmu in babba ya fitar da kayan mutum ƙofar gida, saƙo ne, ba mai taɓawa. Maƙwabta su gani, a kira dattijo, mai laifi ya durƙusa, a ba da haƙuri, kaya su koma ciki. Har na tsara yadda za a yi: zai dawo da yamma ya gani, ya ɗauko malamin masallacinmu, ya yi alkawarin barin mashaya, ni kuma in ce ya riƙe abinsa amma ya riƙa rufe gareji. Ashe a ƙasar nan abin da aka ajiye bakin titi an yar da shi ke nan, na duk wanda ya tsinta ne. Na sha ganin ɗalibai suna kwasar kujeru a layinmu, ina ce musu ɓarayi a raina, ban taɓa tambaya ba. Na tashi daga taga na yi azahar. Da na dawo, bargon kaɗai na gani.

Bai ɗaga mini murya ba, da ma ya ɗaga. Sati biyu yana bin gidajen ɗalibai ƙofa ƙofa, ya manna takardu a turakun lantarki, ya zaga shagunan tsofaffin kaya. Tsohon Baturen ya gaya masa gaskiya, cewa ko ya samu irinsa ba zai zama shi ba, don kowane da yadda kayan cikinsa suka tsufa. Wancan da ake ta raɗe-raɗinsa ma ya fito daga baya, abokansa suka ja shi ya je ya saurara, ya ce yana da daɗi amma ba kowa a cikinsa. Ya kyautar da jitarsa. Kafin shekara ta zagayo ya nemi canjin aiki zuwa wani gari, ya bar ni a gidan tare da iyalin ɗan ƙanena. Duk Juma'a yana kira, ya tambayi ƙafata, ya tambayi magani. Bai taɓa tauye mini haƙƙi ba. Amma dariyarsa ban ƙara ji ba. Matan nan kuwa suka yi ta yabona, wai uwa ta gari, ni kuma na karɓi yabon.

Yau zan faɗi abin da ban gaya wa kowa ba. Ba maganar mashaya ce ta sa ni ba, fakewa na yi da ita. Shekara ashirin da biyar na rufe muryar mutumin nan a ƙirjina don in iya tsayawa in raini ɗansa, sai yaron ya buɗe ta da yamma ɗaya, na ji tsoron in yi kuka a gabansa. Na gwammace in zama mai tsanani da a ga raunina. Abin da ya fi ci mini rai ba akwatin ba ne. Har yau ɗana yana zaton bai same shi ba, yana zaton shekarunsa sun tafi a banza, alhali ya same shi sarai.

Iyaye mata 'yan uwana, musamman mu da muka zo ƙasar mutane da tsufanmu: kada ku hukunta ɗa da maganar gidan suna kafin ku ji ta bakinsa, kuma kada ku ɗauka abin da kuka sani a gida haka yake a nan, ku tambaya. In ɗanki ya zo da tambayar da ke kaɗai kike da amsarta, ki ba shi a lokacin, ko da hawaye za ki ba shi. Ni sau uku ina ɗaukar waya da niyyar faɗa, sai in ji kaina ina tambayarsa ko ya ci abinci. Juma'a zai kira. Ku taya ni addu'a bakina ya buɗe.