Kanwar Inna a Ruwan Kifina

Shekarar da na kawo akwatin gilashi da kifayen teku na ado Madarumfa, masuntan tabki har layi suka yi don ganin kifin da ba a cinsa. Na haɗa ruwan gishiri na auna, ma'auni ya nuna ruwan na son kanwa kaɗan. Ni kuwa ban san kaɗan ba. Na shiga madafar Inna, na damƙo kanwar dafa wake na zuba. Ruwa ya yi fari fat, kifaye suka juyo ciki sama. Ina tsaye kamar in yi kuka, Inna ta tsoma yatsa ta lasa.

"Gishiri ya ji, kanwa ta ji," in ji ta. "Ɗan nan, wuta kawai ta rage."