Ramin Ƙafafun Mijinyawa

Ni Gado kafinta ne, kuma duk teburin da Mijinyawa mai gyaran rediyo ya taɓa aiki a kai ni na haɗa shi. Saboda haka in za a ba da labarinsa ni ya kamata a tambaya, ba masu zaman shayi da ba su san inda bayansa ke ciwo ba.

A unguwar Ridina aka haife shi, tun ana kiran garin nan Fort-Lamy. Ubansa fataucin goro yake yi, shi kuwa tun tasowarsa ba abin da ke shiga kansa sai buɗe cikin akwatin da ke magana. Dogo ne har abin ya yi yawa, in zai shiga zaure sai ya rusuna kamar mai gaida surukai. Gwiwarsa ta hagu kuma ba ta naɗuwa sosai tun da ya faɗi da babur, ko a salla ma a miƙe yake barin ƙafar. Da na zo daga Gumel na kafa rumfa kusa da tasa a kasuwa, a kan akwatin sabulu na tarar yana aiki, ya dunƙule wuri guda. Na zaunar da shi a kujera, na ce ya saki kafaɗu, na auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunsa, na yanka masa tebur daidai nan. Ba wani boko a cikin abin: tafin ƙafa a ƙasa, cinya a kwance, gwiwar hannu daidai bakin tebur. Shekara tara ya yi a kan teburin nan bai taɓa cewa wash ba.

Da yaƙi ya sake ɓarkewa a tsakiyar gari a 1980, layin rumfunanmu ya ƙone ƙurmus. Teburin kaɗai muka ciro, muka turo shi gida a kura. Mutane suka yi ta tsallaka kogi zuwa Kusuri, har da matarsa Hansatu da 'ya'yansu. Shi bai tafi ba, saboda uwarsa Inna Mero tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye, kuma ta rantse ba mai jefa ta cikin kwalekwale. Ni ma na zauna, don ba ni da kowa a can, sannan ban yarda in bar kayan aikina ga ɓarayi ba.

A watannin nan rediyo ta fi gishiri daraja. Da ita ake sanin wace unguwa ake faɗa, wace hanya ta buɗe. Mai rediyon da ta mutu sai ya laɓo ta bayan katanga ya kawo ta, ya bar ɗan gero ko busasshen kifi. Da geron nan Mijinyawa yake dama wa Inna kunu, ya ba ta a baki da cokali safe da yamma. In hannunsa ya daina aiki, tsohuwar nan ba ta da abin da za ta sa a ciki.

A ɗakin Inna ya kafa teburin, don shi ne mai kaurin bango, kuma tagarsa ce kaɗai ke ba da hasken da za a ga 'yan kusoshin rediyo, tunda lantarki ya daɗe da ɗaukewa. Wata rana da hantsi harsashi ya shigo ta tagar, ya tsaga hularsa, ya nutse a bango. Ya zo min da hular a hannu.

"Gado, ka sare min ƙafafun teburin nan. Don kaina ya koma ƙasan taga."

"In na sare, a kan me za ka zauna?"

"Kujerar tsugunno ta Hansatu."

"Da wannan ƙafar taka?"

"Kalas, magana ta ƙare, ka sare kawai."

Na sare, zuciyata na ƙuna, don hannuna ne ya yi teburin kuma na san abin da nake ɓatawa. Ya koma zama a 'yar kujerar mata, ƙafar hagu a miƙe gefe, gwiwar dama a ƙirji, ya murɗa jiki, ya karya wuya don kada kansa ya leƙa taga. Na ɗora masa buhu a kujerar, kai ya fito saitin taga. Na cire, baya ya ƙara lanƙwashewa. Na sa bulo a ƙarƙashin tebur, kafaɗa ta ɗage har kunne. Duk dabarar da na yi shekara ashirin ina taƙama da ita ta ƙare a ɗakin nan.

Kafin wata biyu ƙaramin yatsansa na dama da na kusa da shi suka mutu, ko allura ka soka ba ya ji. Sannan sauran suka fara rawa. Na gan shi da idona ya ɗauki kusa ɗaya sau shida tana suɓucewa, narkakkiyar dalma ta ɗiga masa a cinya bai kula ba. Rediyoyi suka taru a kwana, masu su suka fara zuwa suna ɗauke abinsu shiru, geron cikin tukunya yana ja da baya.

A lokacin ne na ce masa maganin abin ɗaya ne. Daɓen ɗakin ƙasa ce. A haƙa rami zurfin ƙwaurinsa, ya zauna a bakin ramin ya zura ƙafafu, gajeren tebur ya hau kan cinyarsa. Zai zauna a miƙe kamar a kan kujera, kansa kuma ba zai kai taga ba. Ya ja ni tsakar gida kamar na zagi ubansa.

"Kana da hankali kuwa? Rami a gaban Inna?"

Na san abin da yake nufi. A kwanakin nan ba mai iya kai gawa maƙabarta, a cikin gidaje ake binnewa. Maƙwabta biyu an haƙa musu a tsakar gidansu, kuma Inna ta ji ƙarar digar ta bango, ta kuma san ta mece ce. Ɗa ya shigo da diga ɗakin uwarsa marar lafiya ya fara haƙa kusa da tabarmarta, wannan ko a mafarki Mijinyawa ba zai yi ba. Na ce a fitar da ita kafin a gama, ya ce in ta dawo ai za ta gani. Na ce a yi mata bayani, ya ce da wane baki. Na kira shi mai taurin kai, ya ce in fita masa daga gida. Na fita, sati uku ban taka ƙofarsa ba, kuma har yau ina jin haushin kaina, don sati ukun nan su suka ƙarasa cinye masa yatsan.

Shi ya zo da kansa ya kira ni wata safiya, ya ce Inna ke nemana. Na tarar da kunu ya zube mata a wuya da ƙirji, cokali a ƙasa, shi kuma ya koma lungu ya sa kai tsakanin hannuwa yana kuka kamar ba magidanci ba. Inna ba ta kama sunansa, kasancewarsa ɗan fari, Dogo take ce masa.

"Gado, kwana nawa ke nan yana yi min wanka da kunu," in ji ta, harshenta na nauyi. "Jiki ne ya shanye min, ba kunne ba. Na ji abin da kuka yi a tsakar gida. Je ka ɗauko digarka."

"Inna, ba zan iya ba," in ji Mijinyawa.

"Wa ya ce kai za ka yi? Dogo, matso da ƙafar nan."

Ya matso. Ta miƙa hannunta mai lafiya ta auna ƙwaurinsa daga diddige zuwa gwiwa, taƙi biyu da yatsu uku, yadda take auna masa wando yana yaro.

"Ka ji zurfin. In kuma nawa ramin ne kuke tsoro, ku duba tsawona. Ramin ƙafa ba zai ci ni ba."

Na yi haƙan tana kallo, ana ta ɓarin wuta ta wajen kasuwa, ƙura na zubowa daga rufi. Duk sarar da na kai, Mijinyawa sai ya runtse ido, ita kuwa tana ce min in gyara kwanar can ta karkace. Na daɓe gefen ramin da laka, na shimfiɗa buzu a bakinsa, na jingina masa katako a baya. Ya zura ƙafafu. Na ce ya saki kafaɗu, na rage ƙafafun tebur har bakinsa ya zo daidai gwiwar hannunsa. Tsakanin hularsa da taga saura faɗin tafi ɗaya.

Ƙaramin yatsan bai dawo ba har Mijinyawa ya koma ga Allah, a lanƙwashe aka binne shi da shi. Amma sauran sun dawo a hankali. Ranar kwana na goma sha biyu da haƙa ramin ya tayar da rediyon wani mahauci, aka ba shi gero, ya dama kunu. Ina wurin. Ya jawo tabarmar Inna kusa da ramin, yana zaune a inda yake, fuskarsa dab da tata. Ya ɗebo cokali ɗaya ya kai, muka zuba wa hannun ido ni da ita. Ko ɗigo bai zuba ba.

Ta haɗiye, ta lumshe ido.

"Yau dai a bakina ka zuba," in ji ta. "Ƙaro."