Tambayar da Goggo Ta Aika wa Liman

A shekarun da taki ya gagari talaka, gero ba ya kai mu damina, jini ya dawo wa Goggo, ƙanwar babanmu, bayan al'ada ta daɗe da ɗauke mata. A ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta mace ba ta kai irin wannan magana ko'ina sai wajen malamai. Ta faɗa wa mijinta, shi kuma ya tambayi liman ko za ta yi salla. Liman ya ce jinin ciwo ne, ta riƙa sabunta alwala. Abin da aka tambaye shi ya amsa, kuma daidai ya amsa. Goggo ta samu natsuwa, ta ci gaba da surfenta. Sai da ta kasa tashi aka kai ta Kano, likita ya ce sankarar bakin mahaifa ce, an makara. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Bayan wasu shekaru, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gidana, Yaya, babbar 'yar'uwata, ta matso ta raɗa mini cewa ita ma ta fara ganin jini bayan al'ada ta ɗauke mata, in sa maigidana ya tambayar mata liman. Na ture kwaryar gefe.

"Yaya, amsar liman na haddace ta tun a kan Goggo. Gobe asibiti za mu."

Ta kawo kunya, ta kawo aikin gona, ta ce ni ƙanwa ce, bakina ya yi tsawo. Na ce ya yi, amma da shi zan je wajen mijinta neman izini. Na je, ya yarda.

A asibiti ma'aikaciya mace ce ta duba ta a bayan labule. Ta ce yawanci ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ciwon, ana ɗaukar ta ta kwanciyar aure, tana shekaru ba alama, shi ya sa ake gwada mai lafiya ma. Nan take na hau gadon aka gwada ni. Yaya kuwa aka tura ta Kano aka yi mata aiki, don abin bai yi nisa ba. Da rigakafin HPV ya zo, 'ya'yanmu mata ne a gaban layi.

Bara wata maƙwabciya ta aika wa liman irin tambayar Goggo. Kafin amsa ta dawo, Yaya ta yafa mayafi ta tsaya a ƙofar ɗakin maƙwabciyar.

"Ki yi sallarki," in ji ta, "in kin sallame ina jiran ki a bakin titi, mu tafi asibiti."