Kawu Illa da Diskin da Ya Ba da Kiwo

Kawu Illa bai taɓa sayen abu bai tambayi asalinsa ba. Ku da kuka san shi kun san ban ƙara gishiri ba. Ko tocila zai saya, sai ya juya ta a hannu, ya tura tabarau zuwa goshi, ya dubi mai kaya ya ce, "Wagga ɗiyar wa ta?" Aikin duba lafiyar dabbobi ya yi har ya yi ritaya, ya sha yawo a dazukan Adar yana buɗe bakin shanu, shi ya sa duk abin duniya a wurinsa dabba ne, ko dai mai asali ko tsintacciya. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, sunana Rabi, kuma ni ce na fi kowa shan wahalar wannan hali nasa, don ni yake ja duk inda za shi sayayya.

A yawon nan nasa yana tafe da 'yar rakoda mai kaset. In ya gama yi wa garke allura, sai ya zauna wurin tsofaffi ya ɗauki muryarsu: waƙar niƙa, labarin tsohuwar yunwa, sunayen rijiyoyin da suka ƙafe, har da tatsuniyoyin mahaifiyarsa, kakarmu. Daga baya aka juye masa kasakasan cikin ordinata, wato kwamfuta, aka zuba su a wani diski irin na da, mai juyawa a ciki. Kasakasan kuwa zafi ya narkar da wasu, gara ta ci kwalin sauran. Wato duk waɗannan mutane, da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, a wuri ɗaya tak suka rage.

Wata rana ya kira ni ya ce in zo, diskinsa yana tari. Na je na kasa kunne, sai na ji ƙyas, ƙyas, kamar ana ƙyasta ashana. Na ce, "Kawu, wannan mutuwa yake shirin yi. Tashi mu je mu sayi sabo irin wanda ake ce wa SSD. Babu abin da ke juyawa a cikinsa, ba ya tsoron girgiza, ga sauri."

Muka je butik ɗin Sanusi a bakin babbar kasuwar Tawa. Sanusi ya baje diski marka kala-kala, na kamfanoni daban-daban, a kan teburi, ya ɗauko ɗaya ya fara zuba.

"Baba, wanga kamar walƙiya ya ke. Kahin ka ƙyafta ido ya kwashe komi."

Kawu ya ce, "Ina za shi da wanga sauri? Jirgin Makka za ya tarba?"

"Ai sauri shi na zamani, Baba."

"Yaro, tsohwahhin da ni ka sawa ciki ba su gaugawa. Sun riga sun isa inda za su. Kai dai gaya min, uwatai wa ta? Waɗanda sunka saye shi bara, sun dawo suna gaishe ka ko suna zagin ka?"

Sanusi ya dube ni, ni kuma na dubi rufin kwano. Muka fito ba mu sayi ko allura ba.

A hanya na balbale shi da faɗa. Bai ko kula ni ba. Ya ce shi a kasuwar shanu bai taɓa yarda da bakin dillali ba, wurin mahauta yake zuwa, don su ne suke ganin abin da ke cikin dabba. Saboda haka sai muka zarce wurin wani mai gyaran ordinata, Kawu ya ce masa, "Nuna min mushen da ke wurinka." Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya jawo wani gwangwanin madara cike da matattun diski. Wallahi Kawu ya tsuguna a ƙasa da farar rigarsa, ya zazzage su, ya riƙa ware su marka-marka kamar mai tsince wake. Inda tari ya yi yawa sai ya girgiza kai ya ce, "Wanga gida akwai annoba."

Mai gyara ya ƙara masa da wani abu da ya dagula lissafin. Ya ce manyan sunayen ma ba su tsira ba, don akwai na jabu masu ɗauke da tambarinsu. A jiki an rubuta babban ciki, amma in ka zuba kaya ya wuce wani wuri sai ya riƙa haɗiye su, ka zo nema ka tarar babu. Kawu ya tafa hannu ya ce, "Na san su! Saniyar da anka ɗura ma ruwa da kanwa ranar kasuwa!" Daga nan ya kafa doka: duk diskin da zai saya sai an cika shi maƙil, an sake karanto abin da aka zuba, ya ga ya dawo daidai. Ya koma ya zaunar da Sanusi a kan haka. Sanusi ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin wanda ya zo sayen diski da sharaɗin auren fari ba.

To, duk wannan bincike makonni ya ci, tsohon diski kuwa yana can yana tari. Kullum sai na je na ce, "Kawu, don Allah ka sayi ko wanne ne mu kwashe, ka ci gaba da bincikenka daga baya." Sai ya ce, "Rabi, ke haihuwar sauri ta." Ranar da dai ya yarda da wata marka, muka zauna juyewa a zaurensa da hantsi. Komai ya wuce lafiya, muryar Kaka ta wuce, sai da muka zo kan wani tsoho mai haƙar rijiya na Kalfu. Nan tsohon diski ya ƙi. Muka gwada, muka sake gwadawa, mai gyara ma ya gwada, bai fito ba. Kuma Kawu ya tabbata ya saurare shi lafiya lau farkon da tarin ya soma.

Na buɗe baki zan ce ai na faɗa maka, sai na ga fuskarsa na haɗiye. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tabarma. Sannan ya ce, "Ni na raka shi kushewa da ƙahwahuna, yau kuma na sake rakiyatai." Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Na ɗauka abin zai sa ya saki taurin kai. Ina! Sabon babi ya buɗe. Washegari ya koma wurin Sanusi ya ƙara sayen biyu, kowanne markarsa daban. Sanusi ya ce, "Baba, ai wadda ka zaɓa ta hi su. Ƙara irinta mana." Kawu ya ce a'a, makiyayi mai hankali ba ya tara garke 'yan uwa ɗaya, don ciwon da ya kama ɗaya zai bi jini ya share sauran. Kuma ba ya kwantar da su duka a hurumi ɗaya. Sai ya juye komai a cikin ukun, ya bar ɗaya a gida, ya ce biyun zai ba da su kiwo, kamar yadda ake kai wa ɗan'uwa saniya ya riƙe.

Na raka shi Barmu wurin yayarsa, Inna Hajo. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta juya abin, bai kai tafin hannunta ba.

"Mi ya ka ci?"

"Wuta ya ka sha, jehi-jehi. Ni ka zuwa in shayar da shi."

"To in ya haihu, ɗan nawa na ko naka?"

"Ba ya haihuwa, Yaya."

"Ba ya haihuwa, ba ya nono, kuma ka ce kiwo? Illa, tun kana ƙarami kai macuci na."

Kawu ya jawo ordinatarsa daga jaka, ya jona, ya danna. Sai ga muryar Kaka tana waƙar niƙa, har ana jin dutsen yana gurza. Inna Hajo ta dafe baki. Da waƙar ta ƙare ya ce, "Ga nonon nan. Duk zuwan da na yi sai kin sha." Ta share ido da bakin zane ta ce to ta yarda, amma ya riƙa haɗowa da goro.

Na ukun ya kai wa Agali, tsohon abokinsa Buzu da ke kiwo a arewacin Affala. Shi kuma ya ɗinka masa 'yar jakar fata, ya rataye a inuwa. Duk sanda suka haɗu sai ya ce wa Kawu a duk dabbobin da aka taɓa ba shi riƙo wannan ce ta fi ladabi, ba ta taɓa shiga gonar kowa ba.

Ba wasa yake da shayarwar nan ba. Mai gyara ya gaya masa irin wannan diski in ya daɗe a ajiye ba wuta, ga zafi irin namu, abin da ke ciki yana iya dushewa. Shi ke nan Kawu ya samu aiki. In an kwana biyu sai ya ɗaure ordinata a bayan moto, wato babur ɗinsa, ya ce wa mutanen gida, "Na tahi shayar da bisashe." Ya je ya jona, ya bi muryoyin ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar suna nan, ya yi wa Inna Hajo faɗa in ya tarar ta ajiye kusa da murhu. Muna yi masa dariya, muna cewa tsufa ya zo masa da sabon salo. Yanzu da nake tunani, ban san wani a danginmu da ya kai shi yawan zumunci a shekarun nan ba. Ko ya san haka yake yi, ko diskin kawai yake bi, Allah ne masani.

Rashin lafiyarsa bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa. Bayan an watse daga zaman makoki, sai Agali ya aiko a kira ni ƙofar gida, ya miƙo mini jakar fatar nan ya ce mai dabba ya tafi, ga ta ya maido wa magada, lafiyarta lau. Na karɓa. Da na koma ciki, Inna Hajo, da ta zo makokin, ta kwance bakin zanenta ta nuna mini nata, amma ba ta miƙo ba. Ta ce, "Ni ban maidowa. Ke dai gaya min wa ka zuwa shayarwa yanzu." Na ce ni ce zan riƙa zuwa. Ta ce to in fara yau.

Na ɗauko ordinatar Kawu na jona a ɗakin, da la'asar. A farkon kowace ɗauka akwai muryarsa, ta lokacin yana da ƙuruciya, yana gyaran murya yana faɗin inda yake da wanda zai yi magana. Ashe duk zuwan da yake yi, da an zo wurin nan sai Inna Hajo ta ce masa, "Wuce surutunka, uwammu ni ka son ji." Ni ban sani ba sai da ta faɗa mini daga baya. Ranar dai na kai hannu na wuce wurin don mu isa waƙar Kaka, sai ta riƙe mini wuyan hannu.

"A'a, maida baya. Bar shi ya gama maganatai."

Na mayar, muka saurare shi har ƙarshe.

Allah ya jiƙan Kawu Illa, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya ƙi yarda muryar bayin Allah ta ɓace, Allah kada ya bar ko ɗaya daga cikin ayyukansa na alheri ya ɓace. Ya sada shi da Kaka, da tsohon nan na Kalfu, a gidan aljanna. Amin.